Ganyen da Na Sa Aka Yi wa Gawo

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin gwamnati, mafi yawansu a sashen al'adu a nan Gumel, amma akwai wata Asabar ta watan Agusta da har yau ban taɓa mantawa da ita ba. Tunda kun ce in koya muku yadda ake baje kolin zane, to ku gyara zama. Kai mai danna waya, ajiye ta, don ni ba na maimaita magana.

A lokacin ina mataimakin darakta, saura mini shekara biyu in yi ritaya. Darakta ce kawai a samana. Duk abin da ya shafi baje koli a hannuna yake: ni ke zagayawa in ga masu zane, ni ke zaɓar abin da zai shiga zaure, ni ke tsara inda kowanne zai zauna. In na gama sai in zana taswirar zauren a takarda, in kai wa darakta ta sa hannu. Daga lokacin da ta sa hannu, ko ƙusa ɗaya ba a matsar da ita sai da saninta. Haka doka take, kuma dokar tana da kyau.

Ba yabon kai ba, tun daga Gagarawa har bakin iyaka babu wanda ya kai ni iya rataye zane. Mutane suna zaton aikin kafa ƙusa ne kawai. Ina! Tsakiyar zane dole ta zo daidai da idon mutumin da ke tsaye, kada ya ɗaga wuya, kada ya sunkuya. Haske ya zo daga gefe, don in ya zo daga gaba fentin zai yi ta ƙyalli, mai kallo ba zai ga komai ba sai walƙiya. Ba a sa zane a bangon da ranar yamma ke duka, launi yake ci. Ba a cusa su kusa da juna, kowanne a ba shi fili ya sha iska. Kuma ba a taɓa fuskar zane da yatsa, ko da yatsan darakta ne. Sai katin bayani a gefen dama: sunan mai zane, sunan zanen, da wurin da aka zana. Waɗannan duk na iya su kamar karatun sallah.

A shekarar nan mun tsayar da cewa zanen ƙasa kawai za a nuna. Gonaki, itatuwa, hanya, sararin sama, yadda ido ke ganinsu, ba ƙari ba ragi. Babu mutum, babu dabba, don kada wani malami ya zo bakin ƙofa ya ga hoton mai rai ya juya. Masu zane biyar na samo. Akwai wanda ya kawo hanyar Maigatari bayan an ɗauke ruwa, da sawun tayar manyan motoci a cikin laka. Akwai wata malama da ta kawo wani tafki na wajen Gagarawa da hantsi. Duk sun yi ƙoƙari. Amma wanda ya tsayar da ni cak shi ne na Nasiru.

Nasiru malamin zane ne a wata sakandare a Sule Tankarkar, ɗan wani ƙauye kusa da Ɗanzomo. Bai wuce shekara talatin ba a lokacin, mutum ne mai sanyin magana da yawan kunya. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ƙanen mahaifin, Malam Tanko, shi ya riƙe shi ya kuma ci gaba da noma gonarsu. Gonar ce Nasiru ya zana. Faɗin zanen ya kai buɗewar hannuna biyu. Gero ne shar a tsakiyar marka, ya fitar da kai, wake na yaɗo a ƙarƙashinsa, gamba ta bi iyakar gona, hadari ya taso baƙi wuluk daga gabas. A tsakiya kuma ga wani ƙaton gawo tsaye, rassa fari fat, babu ko ganye ɗaya a jikinsa. Wallahi da na tsaya a gabansa sai da na ji kamar zan shaƙi ƙamshin ƙasa.

Nan take na ba shi bangon gaba, wato wanda ke kallon ƙofa, wanda duk mai shigowa zai fara gani. Nasiru ya yi ta godiya. Ya ce mini, "Yallaɓai, zan gayyato Baffa. Bai taɓa ganin aikina ba. Shi a wurinsa boko ya raba ni da gona, ina can ina wasa da fenti. Ina so ya ga cewa ban manta ba."

Na ce, "Kawo shi, har da abokansa. Kujerun gaba zan ba su."

Mun sa buɗewa ranar Asabar, don kowa ya san in ka sa taro ranar Alhamis, kasuwar Maigatari za ta kwashe maka mutane. Ranar Alhamis ɗin kuwa da safe darakta ta zo duba zaure. Hajiya Rabi sunanta, ba ta daɗe da zuwa wurinmu ba. A cikin birnin Kano ta tashi, mace ce mai aiki tsakani da Allah, mai son komai ya fita tsaf. Ta bi zanen ɗaya bayan ɗaya tana gyaɗa kai, har ta zo bangon gaba. Sai ta ja ta tsaya.

Ta ce, "Malam Garba, wannan mataccen itacen fa?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ba matacce ba ne. Gawo ne. Haka yake da damina."

Ta ce, "Ko ma mene ne. Manyan baƙinmu masu aikin dashen itatuwa ne, suna zuwa su ga ko ƙasar nan tana farfaɗowa. Su shigo, abin da za su fara gani bushasshen itace? Sai su ce hamada ta gama da mu. Baƙin nan ba manoma ba ne, ba za su tsaya jin bayani ba. Ko dai a gyara shi, ko a mai da shi can baya wajen ƙofar fita."

To a nan ne na yi abin da na yi, kuma ina so ku saurara da kyau. Ni ɗan cikin gari ne, babana magatakardan kotu ne, ban taɓa riƙe ashasha na yi noma ba. Amma na san halin gawo, kowa a ƙasar nan ya sani. Itace ne mai yin saɓanin sauran itatuwa: ruwa na sauka sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, in kaka ta yi kowa na bushewa, shi sai ya yi tofo. Da na tsaya na yi wa Hajiya bayani na minti biyar, da ta gane, don ba mai taurin kai ba ce. Ban yi ba. Na ce a raina, zane ai ado ne, wa zai tsaya ƙirga ganye? Kuma ba na son a taɓa mini taswirar da na sha wahalar tsarawa. Sai kawai na ce, "An gama, ranki ya daɗe. Za a gyara."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na sa aka kira mini Nasiru. Na ja shi gaban zanen, na dafa kafaɗarsa, na ce, "Ɗan ganye kaɗan za ka sa masa. Ba da yawa ba, yadda dai zai nuna yana da rai."

Ya dube ni, ya dubi zanen. Ya ce, "Yallaɓai, gawo ne fa."

"Na sani."

"Kuma marka ce."

Na ce, "Haba Nasiru! Ni za ka koya wa marka? In ba ka sa ba, baya za a kai shi, wajen da ake tuɓe takalma. Haka kake so Baffanka ya zo ya tarar? Ni sa'an mahaifinka ne, ba zan sa ka a hanyar banza ba. Tun ba a haife ka ba nake wannan aiki."

Kun ga inda na kama shi. Da girma na kama shi, ba da hujja ba. Ya fita ya kunto akwatin fentinsa daga bayan babur, muka sauke zanen muka jingina da tebur, ya haɗa kore ya fara ɗiga wa rassan. Hannunsa gwani ne, ko ƙarya ya zana sai ta yi kyau. Kafin la'asar sakaliya gawo ya yi lif da ganye. Na ja da baya na ce, "Ka gani? Ai ya fi kyau ma." Ya wanke burushinsa, ya ce sai da safe, bai dubi zanen ba ya fita.

Asabar da hantsi zaure ya cika. Baƙi suka zo, aka yi addu'a, darakta ta yi jawabi, aka yanke ƙyalle. Ni ina tsaye gefe da babbar rigata ina jin daɗin kaina, don komai ya zauna daidai. Muna cikin zagayawa da baƙi sai ga mutanen Ɗanzomo sun sauka daga babura, dattawa huɗu ko biyar, Malam Tanko na gaba. Dogo ne siriri, farin gemu, ya sha wankakkiyar riga. Nasiru ya tarye su, ya durƙusa ya gaida su, ya kawo su bangon gaba.

Na sha ganin masu kallon zane, amma ban taɓa ganin kallo irin na mutanen nan ba. Mu 'yan ofis mukan tsaya daga nesa mu ce ma sha Allah mu wuce. Su kuwa daga ƙasa suka fara, kamar masu zagaya gona. Ɗaya ya nuna geron ya ce, "Wannan ya fara bununi, saura kaɗan ya yi ido." Wani ya ce, "Dubi waken, shukar bayan noman farko ce." Malam Tanko ya matsa kusa, ya runtse ido, ya ce, "Ga gambar da ta raba mu da gidan Liman, har inda ta yi giɓi. Kai, ga ma kwarin da ruwa ke kwanciya." Sai ya nuna gindin itacen, muryarsa ta canza. "Ku duba nan. Geron gindin gawo ya fi na nesa tsayi, ya fi shi duhu. Haka yake, wallahi haka yake! Yaron nan ya lura da wannan?"

Ni kaina, mai kwana da tashi da zanen, ban taɓa lura da hakan ba sai da ya faɗa. Na waiwaya na ga fuskar Nasiru ta washe.

Sai Malam Tanko ya ɗaga kai sama.

Ya daɗe yana kallon rassan. Sannan ya juyo a hankali ya ce, "Nasiru, gawon wane ne wannan?"

"Namu ne, Baffa."

"Namu? A marka?"

Ɗaya daga cikin abokansa, wani gajeren tsoho mai barkwanci, ya kwashe da dariya ya ce, "Gawon 'yan boko ne, Tanko! Nasu ba ya tuɓe riga, damina da rani a shirye yake, kamar mai zuwa ofis." Sauran suka tuntsire. Wani ya ƙara da cewa, "In da gawo na ganye da damina, wa zai shuka gero a gindinsa? Ai da inuwa ta kashe shi. Ga gero ya fi ko'ina kyau, ga inuwa a kansa, wannan gona sai a mafarki." Dariyar ta jawo hankalin mutane, baƙi da darakta suka matso su ji abin da ake yi.

Malam Tanko bai yi dariya ba. Ya ce, "Tun kana rarrafe ake ajiye ka a gindin itacen nan. Shekara nawa kana kai mana fura can? Ka tuna giɓin gamba, ka manta gawon ubanka?"

Nasiru ya sunkuyar da kai. Ina tsaye taku uku daga gare shi. Kalma ɗaya zai faɗa ya wanke kansa, ya ce Yallaɓai ne ya sa ni. Bai faɗa ba. Ya tsaya zai shanye abin shi kaɗai, a gaban Baffansa da mutanen garinsu, waɗanda za su koma su ba da labari a kowace majalisa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun da na fara aiki.

Ina da aibu da yawa, amma ban iya laɓewa a bayan yaro ba. Na tako na shiga tsakiyarsu na ce, "Malam, a gafarce ni. Ɗanku bai manta ba. Tsirara ya kawo gawon nan, babu ko ganye ɗaya. Jiya bayan Juma'a ni na tsare shi na sa shi ya yi masa ganye. Ya gaya mini gawo ne, ya gaya mini marka ce, na ce ni sa'an mahaifinsa ne. Laifin nawa ne, ni Garba."

Gajeren tsohon ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Af, ashe babban ɗan bokon ne da kansa." Aka ɗan yi dariya, na haɗiye, don na cancanta.

Na juya wurin Nasiru na ce, "Zai fita?"

Ya ce, "Fentin mai ne, Yallaɓai, yakan yi kwanaki bai bushe ba. Na ƙasan kuma ya daɗe da bushewa, na shafe shi da man kariya. Zai fita in an bi a hankali."

Kun tuna na ce ba a matsar da ko ƙusa sai da sanin darakta. Na dubi Hajiya Rabi na ce, "Ranki ya daɗe, zan sauke shi." Ban jira amsa ba. Ni da Nasiru muka kama, hannu bibbiyu, muka kwantar da shi a kan teburin da aka yi jawabi. Na aika aka samo kananzir a murfin kwalba, na zaro sabon hankicina daga aljihu na miƙa masa. Ya naɗe shi a yatsa, ya ɗan tsoma, ya fara daga reshen sama.

Wannan shi ne kallo mafi kyau da aka taɓa yi a zauren nan, kuma ba ni na tsara shi ba. Mutane suka kewaye tebur, manya da ƙanana. Duk inda hankicin ya bi sai kore ya tafi, farin reshe ya fito, baƙin hadari ya bayyana a bayansa. Dattawan suna ta ba da umarni kamar aikin gayya: "Saura can gefen hagu." "A hankali, kada ka ci reshen." Ɗaya daga cikin baƙin ya tsuguna kusa da gajeren tsohon yana ta yi masa tambayoyi a kan gawo, tsohon kuwa ya samu abin da yake so, ya buɗe masa karatu. Kusan rabin awa aka yi. Da aka gama muka mai da zanen kan ƙusarsa, na daidaita shi da idona.

Malam Tanko ya sake tsayawa a gabansa, ya harɗe hannu a baya. Can ya ce, "To. Yanzu na ga gonata." Ya juya ga Nasiru ya ce, "Hannunka na da kyau, na yarda. Amma abin da idonka ya gani, kada ka sake bari wani ya gaya maka ba haka yake ba, ko da ya girmi ubanka." Bai dube ni ba da ya faɗi haka, kuma ba sai ya dube ni ba.

Ranar Litinin Hajiya ta kira ni ofis. Na shiga da shirin karɓar takardar tuhuma a kan sauke zane ba da izini ba. Ba ta ba ni ba. Ta ce, "Na ji ba ka ambaci sunana ba, na gode. Amma Malam Garba, ni ban san gawo ba. Kai ka sani. Me ya sa ba ka tsaya ka musa mini ba? Ai don haka aka ajiye ka a kujerar nan." Wallahi da takardar ta ba ni da ya fi mini sauƙi. Na ce gaskiya ne, na tashi na fita.

To ga abin da nake so ku riƙe. Namu shi ne bango, da ƙusa, da haske, da kati. Abin da ke cikin firam ba namu ba ne, ko ɗigo ɗaya. In na sama da kai ya ce a canza, ka tsaya da ladabi ka yi masa bayani har ya gane, in ya ƙi, ka mai da zanen baya yadda yake, ya fi a lalata shi a gaba. Kuma kada ku taɓa raina mai kallon da ya zo a bayan babur. Zanen ƙasa a wurinmu ado ne, a wurinsa kuwa gona ce da ya san kowane taku nata, kuma shi ne alƙalin da ba a ruɗa.

Nasiru ya ci gaba da kawo mana aiki har na yi ritaya, yanzu ma sunansa ya wuce jihar nan. Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Duk inda muka haɗu sai ya sauka daga babur ya gaishe ni, da sallah har gida yake zuwa. Sai dai abu ɗaya. Da can, in ya gama sabon zane, ni yake fara kawo wa tun fentin bai bushe ba, ya jingina shi da bango ya ce, "Yallaɓai, ya ka gani?" Tun daga wannan Asabar bai sake tambayata ba. Yakan kawo shi a bushe, a cikin firam, ya ce, "Yallaɓai, ina za a rataye?"